Tokar da Ke Ƙarƙashin Daɓen Kogo

Ranar sadakar arba'in ɗin babanku ina cikin kicin ina zuba shinkafa a faranti, sai na ji ke 'yar fari kina gaya wa matar Isuhu cewa da ba don Baba ya hana ba, da Mama ta zama dakta tun kuna ƙanana. Ba da zafi kika faɗa ba. Kin faɗe shi ne kamar abin da kowa ya riga ya sani. Ban tanka ba, don gida cike yake da baƙi, kuma na saba da yin shiru a kan wannan magana sama da shekara ashirin. Amma yanzu mutumin yana ƙasa, ba zai iya kare kansa ba, ko da yake da ransa ma bai taɓa gwadawa ba. Shi ya sa na ware wannan babi ga shekara guda tak. Ina so ku ukun ku karanta shi, ke da Isuhu da Nana, kowa shi kaɗai.

Kun san na yi karatun ƙasa da duwatsu a Yamai kafin a yi mana aure, kuma na biyo babanku Paris da takarduna a ƙasan akwati. Shi yana da shagon atamfa da shadda a Château Rouge, mu kuma muna zaune a Montreuil, hawa na huɗu, kusa da tashar metro. Na yi shekara goma ban taɓa wani dutse ba in ba na niƙan yaji ba. Da Nana ta shiga lakkwal, wato makarantar boko, sai na fara komawa karatu a hankali, har wani farfesa a Lyon ya ga aikina ya ce yana neman wanda zai duba masa ƙasar wani kogo da suke tona a bakin teku, can kudu. Ya ce in na yarda, aikin shi ne zai zama tez ɗina, wato kundin bincikena na daktora. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi sunan kogon ba. Farfesa kawai zan riƙa ce masa, don haka kowa yake kiransa.

A lokacin Gwaggo Mariama, yayar babanku, tana zaune tare da mu tun rasuwar mijinta. A gabanta na kawo maganar, bayan sallar la'asar wata Lahadi.

"Lyon?" in ji ta. "Mace da ɗiya uku ta tahi wani gari ta kwana saboda ƙasa? Ƙasar ta ƙare a Paris ne?"

Babanku yana gyara zaren carbinsa da ya tsinke. Bai ɗago ba ya ce, "Kwana nawa a sati?"

"Huɗu. In tafi Litinin, in dawo Alhamis da yamma."

"Jirgin ƙasa awa biyu ne," in ji shi. "Na san mazan da ke zaune a Paris ɗin nan ba sa ganin iyalinsu kwana huɗu. Ki je. Yaya tana nan."

Gwaggo ta ce ita ba a tambaye ta ba. Amma ita ce ta tashe ku kowace safiya shekara biyu da rabi, ita ta yi muku kitso, ita ta je lakkwal ranar da Isuhu ya fasa wa wani yaro baki. Wannan ma ku sani.

Na sami ɗaki a Saint-Fons, a gefen Lyon, wajen wasu mutanen Tawa, miji yana aiki a izin, wato masana'antar sinadarai. In iska ta juyo daga wajen masana'antun, wankin da aka shanya sai ya ɗauki wani wari kamar na ashana da aka kashe. Daga nan nake shiga bas zuwa labo, ɗakin gwaje-gwajenmu. Shekara biyu na farko ba su da wani labari. Shekara ta uku ce nake so in ba ku, amma ba za ku gane ta ba sai na gaya muku yadda kogon ya samu, don duk rigimar a nan take.

Dutsen da kogon yake ciki dutsen farar ƙasa ne, kuma asalinsa a ƙasan teku aka yi shi. Ƙananan halittun ruwa suna mutuwa, ɓawonsu yana sauka yana taruwa, wani kan wani, har nauyi ya matse shi ya zama dutse. Daga baya ƙasa ta motsa ta ɗaga shi sama ya zama tsauni a bakin ruwa. Ruwan sama yana da ɗan tsami wanda harshe ba ya ji, amma farar ƙasa tana ji. Ya riƙa bin tsagogin dutsen yana lasa, yana faɗaɗa su, har ya buɗe hanya a ciki wadda mutum zai iya shiga a tsaye. Sannan teku ta zo da nata aikin. A wani zamani ruwanta ya fi na yau tsawo, igiyar ruwa ta yi ta dukan gindin tsaunin har ta fasa bakin hanyar nan ta buɗe shi. Shaidarta tana nan a can ƙasan kogon, tsakuwa mulmulalliya mai santsi irin wadda ruwa kaɗai ke iya yi. Bayan haka duniya ta yi sanyi, ruwa mai yawa ya daskare ya zama ƙanƙara a arewa, teku ta ja da baya ta bar fili mai faɗi a gaban kogon. Iska ta kwaso rairayin filin ta zuba ciki. A kan rairayin nan mutane suka shigo. Suka hura wuta, suka feƙe wuƙaƙen dutse, suka ci nama suka yar da ƙashi, suka tafi. Rufin ya zubo, wasu suka zo suka zauna a kan abin da ya zubo. Haka shimfiɗa ta hau kan shimfiɗa, shekaru dubbai. A tsakiyar wannan tari, akwai lokacin da ba kowa a ciki, ruwa ya yi ta ɗiga daga rufi yana barin farin ɓawo a ƙasa, har ya yi kauri kamar tafin hannu, ya rufe komai. Ni daɓe nake ce masa, don ya yi kama da daɓen ɗakin kakata a Tibiri. Amfaninsa shi ne masana suna iya auna shekarunsa. In ka san shekarun daɓe, ka san duk abin da ke ƙarƙashinsa ya girme shi.

A ƙarƙashin daɓen nan Farfesa ya sami toka da gawayi da ɓawon katantanwar teku masu yawa, wasu a ƙone. Ya ce wannan ragowar abincin mutane ne, kuma tunda yana ƙasan daɓe, to mutanen wurin sun fara cin abincin teku tun wani zamani da ba wanda ya zata. Ya rubuta haka, sunansa ya fita, aka riƙa gayyatarsa ƙasashe. Tallafin da ake ba aikin tonon, da albashin mutum shida, da bus ɗina, wato kuɗin karatun da ake ba ni, duk a kan wannan toka suka tsaya.

Aikina ba tono ba ne. Sau biyu a shekara nake zuwa kogon in yanko ƙasa guntu-guntu kamar sabulun wanki, in naɗe ta da filasta don kada ta wargaje. A Lyon sai a shayar da ita wani irin ƙaro har ta sandare, a yanka ta siririya fiye da ɓawon albasa, a manna a gilashi. Ni kuma in sa a mikiroskop in duba yadda kowane ƙwayar rairayi ya kwanta. Ƙasa ba ta ɓoye yadda ta zo. Wadda iska ta kawo daban, wadda ruwa ya kawo daban, wadda ƙafa ta tattake daban.

Wata Talata da hantsi, farkon bazarar shekara ta uku, na sa gilashin farko na tokar a ƙarƙashin madubi. Tokar murhu in tana inda aka hura wutar, hawa-hawa take kwanciya, ja a ƙasa inda zafi ya gasa rairayi, baƙi a tsakiya, fari a sama. Wannan ba haka take ba. Gawayin ya mulmule, ba shi da kaifi. Manyan ƙwayoyi suna ƙasa, ƙanana suna sama, sau da yawa a jere, kamar yadda ruwa ke tace tsaba. Na sa gilashi na biyu, na uku, har na tara. A na bakwai na ga gutsuren daɓen kansa a cikin tokar, ƙanana, su ma a mulmule. Abin da ya girmi daɓe ba zai ƙunshi gutsuren daɓe ba. Na zauna na rufe kayen da nake rubutu a ciki. Na san wannan abin tun ina yarinya. In Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa, yakan ci gaɓa ta ƙasa ya bar saman a tsaye, sannan ya cusa kara da tsumma da fasasshiyar tukunya a cikin ramin da ya yi. Wanda ya zo bayan shekara ya ga tsumma a ƙasan gaɓa zai ce tsumman ya girmi gaɓar. Abin da ya faru a kogon ke nan. Da teku ta dawo, wata babbar igiyar ruwa, ko da yawa, ta shiga ta rarake ƙasan daɓen, ta kwaso tokar mutanen baya-bayan nan daga bakin kogo ta cusa a ciki. Tokar gaskiya ce, mutanen gaskiya ne, amma ba su kai tsufan da aka ba su ba.

Na yi sati uku ina neman inda na yi kuskure. Ban samu ba. Sai na ɗauki gilasan na je biron Farfesa, wato ofishinsa.

Ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Shi ne ya sa aka gyara mini lokacin aiki don in riƙa kama jirgin Alhamis, kuma da azumi bai taɓa cin abinci a gabana ba. Ya saurare ni har na gama. Ya kalli akwatin gilasan, bai buɗe ba.

"Madam," in ji shi, "gilashi tara ne daga kusurwa guda."

Na ce, "Daga wuri uku ne, Farfesa. Kai ka nuna mini inda zan yanka."

Sai ya ce kwamitin da ke duba aikin zai zo a ƙarshen bazara, su ne za su yanke ko a ci gaba da tonon ko a rufe. Ya ce ba ya neman in rubuta ƙarya. Tez ɗina tana da shimfiɗu goma sha ɗaya a saman daɓe, sun isa daktora har da saura. In tsaya a kansu, in bar abin da ke ƙasa, bayan shekara biyu a sake yanko ƙasa a duba a tsanake.

"Ba na ce ki faɗi abin da ba ki gani ba," in ji shi. "Na ce ki jira."

Ranar Alhamis na dawo Montreuil. Bayan kwana biyu, ranar Asabar da rana, ku kuna wajen karatun allo, mu uku muna cin dambu. Na ba su labarin tun daga tekun farko har zuwa gilashi na bakwai. Gwaggo ta saurara fiye da yadda na zata. Da na kai inda tsauni ya fito daga ƙasan ruwa ta ce, "Ikon Allah," ta ci gaba da ci. Da na gama ta wanke hannu.

"To mi ne abin wahala a nan? Mutumin nan ya ce ki yi ƙarya?"

"A'a."

"Ya ce ki yi rantsuwa?"

"A'a, Yaya."

"To ki rubuta goma sha ɗayanki, ki amshi takardarki, ki dawo gida. Shekara biyu da rabi ina goyon ɗiyanki. Ban yi don ki dawo hannu wofi ba."

Ban taɓa zaton ita ce za ta fi kowa son takardar nan ba. Sai babanku ya ce, "In kika yi shiru, wa zai cutu?"

Na yi tunani da gaske kafin in amsa. Na ce, "Ba kowa. Mutanen sun mutu tun kafin a san rubutu. Ba su da magada."

"In kika yi magana fa?"

"Mutum shida za su iya rasa aiki. Da ni."

"To ai lissafin a fili yake," in ji shi. "Mi ya sa tun Alhamis ba ki ci abincin kirki ba?"

Da zai koma shago ya tsaya a bakin ƙofa yana sa takalmi ya ce, "Ni ban san dutse ba, Rabi. Ke kika gani. Duk wanda kika zaɓa, gidan nan gidanki ne." Wannan ita ce kaɗai maganar da babanku ya yi a kan abin, daga farko har ƙarshe.

Na koma Lyon da niyyar bin shawarar Gwaggo. Na ma fara rubuta babin shimfiɗun sama. Ranar da kwamitin ya zo, mutum huɗu ne, aka tara mu a ɗakin taro, kowa ya yi bayanin aikinsa minti goma. Na yi nawa a kan goma sha ɗayan, na tattara takarduna zan zauna. Sai wata tsohuwa a cikinsu, mai farin gashi, ta ɗaga alƙalami.

"Madam, na ga a jerin samfuranki akwai tara daga ƙarƙashin ɓawon. Kin duba su?"

Na ce na duba.

"Tokar tana inda aka hura ta?"

Farfesa yana zaune a hannun damana. Akwai amsoshi da yawa da ba ƙarya ba ne. Ina iya cewa aikin bai kammala ba. Ina iya cewa ana bukatar ƙarin samfura. Duk na san su, na ma tanade su tun a cikin bas. Amma tambayar da ta yi ba ita na tanadar wa amsa ba. Ta tambaye ni abin da na gani ne.

Na ce, "A'a. Ruwa ne ya kawo ta, bayan ɓawon ya riga ya samu."

Ba wanda ya ɗaga murya. Tsohuwar ta rubuta wani abu, aka wuce ga na gaba. Ba zan gaya muku cewa tsoron Allah kaɗai ya sa na faɗa ba. Akwai shi. Amma akwai kuma girman kai. Shekara goma na yi ina yanka albasa da takardar jami'a a ƙasan akwati, ga shi na ga abin da manyan masana suka taka suka wuce, sai a ce in haɗiye. Ban iya raba biyun ba a ranar, har yau ma ban iya ba.

Kwamitin bai rufe tonon ba, amma ya rage shi ƙwarai. Mutum biyu suka tafi, ɗaya cikinsu matarsa tana da ciki. Mutumin ya daina gaishe ni, kuma ban ga laifinsa ba. Bayan sati biyu Farfesa ya aiko mini da wasiƙa mai ladabi cewa amana ta ƙare tsakaninmu, ba zai iya ci gaba da jagorantar aikina ba. Gilasan na labo ne, ba nawa ba. Na rubuta wa malamai uku a wasu garuruwa. Biyu ba su amsa ba, na ukun ya ce ba ya son shiga tsakani. Fagen ƙarami ne, kowa ya san kowa. Ranar wata Laraba na kwashe kayana daga Saint-Fons cikin katon biyu na kwali da jaka guda. Babanku ya tarye ni a gar, tashar jirgin ƙasa, ya ɗauki katon ɗin, bai tambaye ni komai ba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta duk wannan. Kwana goma da dawowata aka yi suna a gidan wasu 'yan Damagaram a unguwarmu. Mata suka gan ni ranar Asabar ɗin, ga shi sun gan ni Talata a kasuwa, ranar da na saba zama a Lyon, aka fara tambaya. A gabana wata ta ce, "Hajiya Mariama, 'yar bokon taku an gama ne?"

Gwaggo ko ƙiftawa ba ta yi ba ta ce, "Alhaji ne ya ce ya isa haka. Ɗiya sun girma, suna bukatar uwarsu."

Matan suka gyaɗa kai. Wannan magana ce da kowa ya gane, ba ta bukatar bayani, kuma ba kunya a cikinta ga mace. Wasu ma suka yaba mini da biyayya. Gwaggo ta yi ne don ta rufa mini asiri, ba ta son a ce an kori matar ƙanenta. Ina tsaye a wurin da Nana a gefena. Kalma biyu sun isa in gyara, amma ban yi ba. Ni da na kasa yin shiru a gaban kwamiti saboda tokar matattu, na yi shiru a gaban matan unguwa a kan mijina.

Maganar ta bi gari. Ta kai Château Rouge, 'yan uwansa 'yan kasuwa suka riƙa ce masa ya yi daidai, wasu ɗalibai 'yan Nijar da ke zuwa shagon kuma suka riƙa kallonsa a matsayin baƙauyen da ya danne mace mai ilimi. Ta shigo gida ta same ku. Ke 'yar fari kina da shekara goma sha uku, na ga yadda kika fara amsa masa gaisuwa a taƙaice. Sau ɗaya na ce masa zan gaya muku gaskiya. Yana ninke shadda a kan tebur ya ce, "Bar shi. Ni ba ya yi mini nauyi. Ke kuwa in aka ce an kore ki, sai kin bi kowa kina bayanin toka." Na karɓi wannan da sauri fiye da yadda ya kamata. Daga baya na sami aiki a wani kamfani da ke gwada ƙasa kafin a kafa harsashin gini, inda na yi shekara goma sha tara har na yi ritaya. Aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma ban sake ganin kogon ba.

Shekara huɗu kafin rasuwar babanku, wata wasiƙa ta zo daga Lyon. Farfesa ne, ya tsufa, ya bar aiki, yana tambaya ko zan iya zuwa. Na je ni kaɗai. Na same shi a gidansa da sanda. A kan tebur akwai akwatin gilasan nan tara. Ya ce matasan da suka gaje shi sun sake tona wurin, sun sami ramin da ruwa ya rarake a ƙasan ɓawon, kamar yadda na faɗa, kuma shi da kansa ya rubuta ya janye maganarsa. Na ce na gani, na karanta. Ya ce ya san sunana ya fito a ƙasan shafi ne kawai, da ƙananan haruffa. Na ce wannan ma na gani.

Sannan ya ce, "Mijinki yana lafiya? Ban taɓa manta ranar da ya zo ba."

Na ce, "Ya zo ina?"

Ya dube ni, ya gane ban sani ba. Ya ce wata guda bayan tafiyata, sakatariya ta shigo ta ce ga wani mutum da babbar riga yana jira tun ƙarfe tara, ya ƙi tafiya. Ya zata roƙo ya zo yi, ko faɗa. Da ya shigo ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali da aiki da gajiya, sannan ya ce shi mai sayar da yadi ne, bai san dutse ba, kuma bai zo neman a mayar da ni ba. Tambaya guda ya kawo. Shin Farfesa ya duba abin da matarsa ta kawo masa?

"Ban duba ba," in ji Farfesa. "Na gaya masa gaskiya. Sai ya ce to in nuna masa, shi yana so ya ga abin da ya hana matarsa cin abinci. Na kai shi labo, na sa gilashi na bakwai. Bai san yadda ake sa ido ba, sai da na riƙe masa kai. Ya ce mene ne wannan baƙin, na ce gawayi. Ya ce me ya sa ya mulmule, na ce ruwa ne. Ya ce wannan farin fa, na ce gutsuren ɓawon ne. Ya ce yaya aka yi ya shiga ciki in tokar ta girme shi. Madam, ina ba shi amsa ina jin bakina yana faɗin abin da kika faɗa. Ya yi godiya, ya tafi ya kama jirginsa."

Na ce, "Amma ba ka kira ni ba."

"Ban kira ki ba," in ji shi. "Shekara shida na yi kafin ma in iya rubuta cewa na janye maganata. Ba ni da wani dalili mai kyau da zan ba ki."

Ya tura mini akwatin. Na ɗauka, muka yi sallama ba tare da wani dogon zance ba. Ban ji haushinsa ba, ban kuma ji daɗin da na zata zan ji ba.

Na iso Paris da la'asar, na wuce shago kai tsaye. Babanku yana auna wa wata mata leshi. Na jira ta tafi, na ajiye akwatin a kan kanta.

Na ce, "Alhaji, ashe ka je Lyon."

Ya dubi akwatin, ya dube ni, ya ci gaba da naɗe ragowar leshin a kan katako.

"Na je," in ji shi.

"Shekara goma sha bakwai ba ka gaya mini ba?"

"Da na dawo da wani abu da na gaya miki. Ban dawo da komai ba." Ya mayar da leshin kan shiryayye, ya goge hannu a rigarsa. "Amma na ga gawayin, Rabi. Wallahi a mulmule yake."